Amsa ga mai son haɗa Yankari da Mambila a hutu ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu, kace kana Kano, kana da hutun kwana goma a ƙarshen Disamba, kana so ka kwashi mai ɗakinka da yara uku da Hajiya mahaifiyarka a Sienna ɗinka kuje inda ake sanyi a saman dutse, su kuma yara sun kafe sai sunga giwa da zaki, shine kake tambaya ko za'a iya haɗa Yankari da Mambila a tafiya ɗaya, ko kuwa Obudu yafi. Na daɗe ina kai baƙi waɗannan wurare, ɗaliban makaranta da iyalai da masu bincike, don haka abinda zan faɗa maka shine abinda zan faɗawa ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya.

Kar ka haɗa su. Taura biyu bata taunuwa, kuma ba wai kuɗi nake ji maka ba, hanya ce zata cinye maka hutun. Lissafa da kanka, daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, ka ƙara da shiga Yankari, wuni ya tafi. Daga Yankari ka fito ka bi Gombe da Numan ka isa Jalingo, wani wunin. Daga Jalingo zuwa Gembu wuni ne cur in ka fita da asuba. Dawowa gida daga Gembu kwana biyu ne in kana tausayin waɗanda ka ɗauko. Kaga kwana biyar kenan a cikin goma kuna zaune a mota, da dattijuwa da yara, kuma duk inda kuka je a gajiye zaku isa, ku kwana ku ɗau hoto ku wuce. Na ga iyalai da yawa sunyi haka sun dawo suna cewa ai wurin ba wani abu, alhali basu bawa wurin lokacin da zai nuna musu kansa ba. Daji da tsauni duk biyun sai da zama.

Bari in fara da Yankari tunda ita nake so kuje bana.

Tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta tun 1956 aka buɗe ta ga baƙi a Disamban 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006. In ka fito daga Bauchi ta hanyar Gombe, a Dindima zaka karkata dama har ka isa ƙofar shiga dake Mainamaji, a nan zaku biya kuɗin shiga dana mota dana kamara. Abinda mutane basa sani shine daga ƙofar zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya a tsakiyar daji, ba gari ba gidan mai ba mai faci, saboda haka ka cika tanki tun a Bauchi, ka duba safaya taya da jak, kuma dan Allah ka isa ƙofar nan kafin la'asar. A wannan hanyar ma kallo ya fara, ka rage gudu, kace yara su zuba ido a gefen titi, zabin daji da birai da mugun dawa suna tsallakawa, wani lokaci har kashin giwa zaka tarar a tsakiyar kwalta.

Yanzu maganar da ya kamata ka zaunar da yaran ka faɗa musu tun a gida, Yankari ba gidan zu bace. Ba wanda ya ɗaure dabba yana jiran zuwanku. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma dajin da suke yawo a ciki yafi wasu ƙananan hukumomi da dama girma, kuma giwa duk girmanta in ta shiga duhuwa taku ashirin tsakaninku bazaka ganta ba, sai dai kaji ƙarar karya reshe. Zaki kuwa gaskiya kar kayi musu alkawari. Zakin Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa, a Najeriya Yankari da dajin Kainji kaɗai ake maganar ragowarsa, kuma 'yan ƙalilan ne, ni kaina sawunsa a yashi na fi gani akan shi kansa. In zakin keji ne ai kun san hanyar gidan zu na Audu Bako. Abinda kusan tabbas zaku gani shine gwaggon biri, mugun dawa, gwambaza, mazo, kada a bakin ruwa, in da rabo ɓauna da gwanki da kanki da dorina, sai tsuntsaye da aka ƙirga sama da kala 350, harda burtu da yaran suke jinsa a karin magana basu taɓa ganinsa yana takawa ba.

Sirrin ganin dabba a Yankari ruwa ne. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar dajin kuma baya ƙafewa, to idan rani yayi nisa tafkuna da kududdufan cikin daji suka bushe, dole kowace dabba ta gangaro Gaji tasha ruwa, giwa ɗaya babba tana shan sama da lita ɗari a rana, kaga ba yadda za'ayi tayi nisa da kogi. Wannan yasa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu yafi kowane lokaci, ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, ido yana cin nisa, sai dai zafi kam akwaishi. A ƙarshen Disamba da kake magana akwai sauran ruwa nan da can, ciyawa bata gama kwanciya ba, ga hazon hunturu, don haka dabbobin a warwatse suke. Ba wai bazaku gani ba, amma sai kun fita fiye da sau ɗaya, shi yasa nake cewa ka ware kwana uku ba ɗaya ba. Amfanin Disamba kuma shine Hajiya da yara bazasu wahala da rana ba. In kaga giwar ce babbar buƙata, to ka ɗaga tafiyar zuwa hutun makaranta na Afrilu.

Ana fita zagaye ne sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar, tsakar rana dabbobi suna inuwa kamar yadda kaima kake nema. Kar ka shiga da Sienna, cikinta a ƙasa yake, hanyoyin ciki yashi ne da kwazazzabai, ku hau motarsu mai buɗaɗɗen gefe, kuma ba'a shiga sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin. Ka girmama mutumin nan, ka tambaye shi tun daren jiya ina aka ga giwaye, domin masu gadin dajin suna sintiri kullum, kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS dake tallafa musu ta saka wa wasu giwayen abin wuya mai na'ura dake nuna inda garken yake, don a kare su daga maharba kuma a gargaɗi manoman ƙauyukan gefe. In ya faranta muku ka sallame shi da abin kirki, aikinsu akwai sayar da rai a ciki.

Bari in baka misalin abinda nake nufi da haƙuri. Wata safiya a watan Maris na fita da wani iyali, mun zaga fiye da awa biyu ba giwa, maigidan har ya fara duba agogo yana cewa mu koma, sai ɗan rakiyarmu yace direba ya tsaya ya kashe inji. Ya sauka ya tsuguna kan wani kashi ya fasa shi da tsinke, cikinsa da danshi har da ɗan tururi, ya nuna mana reshen marke da aka ɓalla ruwan jikinsa bai bushe ba, yace kowa yayi shiru. Mun yi wajen minti ashirin ba abinda kake ji sai kurciya da ƙudaje, yaran sun fara mutsu-mutsu uwarsu tana riƙe su, can sai mukaji wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar daga cikin ƙirjinka yake fitowa, sai ga uwar garke ta fito daga duhuwa jikinta duk jar ƙasa, ta ɗaga hanci tana shinshinar iska, ta tsaya ta kalle mu sosai, sannan sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya suna tsallaka hanya, da ɗan ƙarami a tsakiyarsu yana tuntuɓe da hancinsa. Wallahi ƙafafunsu basa ƙara ko kaɗan. Dattijuwar dake cikin motar ba abinda take maimaitawa a hankali sai tasbihi. Da mun biye wa agogo da mun wuce su suna bayan bishiya.

In Allah ya haɗa ku da su, ba mai sauka daga mota, ba ihu, ba tafi, ba filashin kamara. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kaga ɗan da aka sha wannan wahalar akansa ba wasa uwar zatayi da mai matsowa ba. In ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai ko tana watsa ƙasa, kun matsa mata kenan, direba ya ja baya a hankali. Dorina kuma da take kamar bata da kuzari tafi yawancin dabbobin nan haɗari, da dare take fitowa kiwo, kuma kuskure mafi muni shine ka shiga tsakaninta da ruwa. Haka ɓauna wanda ya ware shi kaɗai.

Kayan sawa, ku guji baƙi da shuɗi mai duhu lokacin zagaye, ƙudan tsando waɗannan kalolin yake bi kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri, ku sa ruwan ƙasa ko ruwan toka mai dogon hannu, da safa da takalmi rufaffe. Da asuba a buɗaɗɗiyar mota sanyin hunturu yana dukan ƙashi, kowa ya ɗau suwaita, Hajiya a haɗa mata da bargo. Gidan sauro da maganin shafawa kar a manta.

Sai gwaggon biran sansanin Wikki, waɗannan kam ka ɗauki maganarsu da gaske. Sun saba da mutane har sun daina tsoro, sun san leda, sun san kular abinci, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa, kuma sun gane mace da yaro basu cika korarsu ba. Kar yaro ya fito da biskit ko lemo a hannu, kar a bar gilashin mota a sauke ko ɗan yaya, ƙofar ɗaki a sa mata makulli ko kuna ciki. In ya fizge abu a bar masa, kar a bi shi, babban namiji haƙoransa sun isa suyi mummunan rauni. Kuma dan Allah kar ku basu abinci don ɗaukar bidiyo, wannan ɗabi'ar ta baƙi ce ta lalata su tun farko.

Ruwan Wikki shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai kana hango farin yashi a ƙasa, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Da safiyar hunturu zakaga tururi yana tashi a samansa, kana rawar ɗari a bakin matattakala kana sa ƙafa sai kaji kamar an sirka maka. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, can ƙasa kuma yara na iya tsayawa, amma idonka akansu. A makon Kirsimeti da sabuwar shekara wurin cika yake da matasa da kiɗa, saboda haka iyali su sauka da sassafe bayan an idar da sallah kafin jama'a su tashi, a lokacin mata zasu sake da doguwar riga da wando ba takura. Matattakalar sauka tana da ɗan yawa, in Hajiya na fama da gwiwa a riƙe ta a bi a sannu. Ka kuma nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, yara su san cewa kafin a mayar da wurin gandun dabbobi mutane sun rayu a ciki har da ƙera ƙarfe. Ɗaki kuwa kayi buking tun yanzu, ka kira ka ji farashin ranar, ka riƙe tsabar kuɗi domin sabis na iya ɗaukewa taransifa ta tsaya, ka taho da fitila da abin cajin waya da ruwan roba da abin taɓawa na yara.

In yaran na son raƙumin dawa da jakin dawa, waɗannan ba'a Yankari suke ba, suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wurin ƙarami ne don haka ganinsu baya wahala, kuma ta ɓangaren hanyar Kano zuwa Bauchi yake, rabin wuni ya isa.

Toh saura sanyin dutse. Ka san dalilin da yasa saman tsauni yake da sanyi ko a ƙasar zafi, duk hawan mita dubu iska tana sauke kusan digiri shida da rabi. Turawan mulkin mallaka da wannan suka yi dabara, a Indiya suka gina garuruwan shan iska irin su Shimla da Dajilin, har Shimla ta zama mazaunin gwamnatinsu na lokacin zafi daga 1864, Jamusawa kuma suka mayar da hedikwatarsu ta Kamaru zuwa Buea a jikin dutse. Namu na kusa shine Jos, wajen mita 1,200 sama da teku, ga kuza ga sanyi, shi yasa suka taru acan. Kuma Jos daga Bauchi tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Don haka shawarata ta bana, kwana uku Yankari, kwana biyu ko uku Jos, ku leƙa gidan tarihi da aka buɗe a 1952, da gandun dabbobin da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Gomwalk, ku hango duwatsun Shere, in da hali ku gangara Assop ku ga ruwa na zubowa daga dutse, ku sayi dankali da kabeji da sitiroberi ku dawo gida da sauran kwana biyu na hutawa. Sanyin Jos a ƙarshen Disamba ya ishi Hajiya, har ma sai an lallaɓa ta da ruwan ɗumi wajen alwala.

Mambila ka bar ta tafiya ce mai zaman kanta, kuma ina roƙonka kar ka fasa ta, domin a duk inda na taka a ƙasar nan ba inda ya kama min zuciya kamarta. Tana ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, sunan kuwa na Sardauna Ahmadu Bello ne, tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da yankin ya zaɓi zama a Najeriya maimakon Kamaru. Tsayinta a tsakaice wajen mita 1,600, wasu wuraren sun haura haka. Daga Jalingo zaka bi Garba Chede da Bali da Serti har Mayo Selbe, nan ne gindin dutse, daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan, direbobin hanyar suna kiran wani sashe Hawan Biyu da Sisi. Kunnuwa zasu toshe, a bawa yara cingam su tauna, mai amai a mota kar a cika masa ciki kuma a zaunar dashi gaba. Kana cikin zufa a ƙasa, kafin ka kai Maisamari ka ɗaga gilashi kana neman rigar sanyi. Sai kawai kaga duniya ta buɗe, tuddai masu ciyawa suna bin juna har inda ido ya ƙare, jajayen shanu masu dogon ƙaho a warwatse, layin bishiyar zaiti, gajimare yana wucewa a ƙasanka ba a samanka ba. Ka wuce Nguroje, ka ratsa Kakara ka ga gonar shayin da ake yin Highland, ganyen a gyare kamar an shimfiɗa darduma, sannan Gembu.

Abu biyu nake so ka riƙe akan Mambila ko ka manta sauran, domin duk biyun rai ne. Na farko birki. Hawa ba shine matsala ba in lagireto lafiya, saukowa ce. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Kano zai ɗora ƙafa akan birki tun daga sama, birkin yayi zafi, man ya tafasa, ya taka yaji ba komai. Na taɓa tarar da wata mota a gefen gangaren nan hayaƙi na fita daga tayoyin gaba, direban ya samu ya kara ta da jikin dutse, yana zaune a ƙasa hannunsa na karkarwa, iyalinsa na kuka, Allah ne ya tsare. Da giya ake sauka, ta ɗaya ko ta biyu, in otomatik ce ka mayar da ita L ko 2 inji ya riƙe motar, birki ɗan taɓawa ka saki, in kaji ƙauri ka tsaya ya huce. Ka kai wa bakanike ya duba birki da taya kafin ka bar gida, kar ka hau ko ka sauka da dare ko cikin hazo, in kuma zuciyarka bata kwanta ba ka aje motar a Serti ko Jalingo ku hau ta 'yan hanya, ba abin kunya bane.

Na biyu gawayi. Da rana Mambila ba ta cika wuce digiri 25 ba, amma daren Disamba da Janairu sanyi ne na gaske, sai baƙo ya shigo da kaskon wuta ɗaki ya rufe ƙofa da taga ya kwanta. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda bata da wari bata da launi, mutum yana barci zata tafi dashi. A ji ɗumi a waje ko taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo. Haka janareto, nesa da taga. In Hajiya na da asma ko hawan jini, tsayin wurin bai kai wanda ke kayar da mutum ba, sanyin ne da doguwar hanya abin lura, a ga likitanta kafin tafiya kuma a ɗau magani isasshe.

Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin damina acan doguwa ce, tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, hanyoyin ƙauye sai babur. Nuwamba tafi min, ruwa ya ɗauke amma kore bai tafi ba. Mutanen wurin akwai Mambila da Fulani da Kaka da Panso da Kambu, Fulatanci yafi yawo a kasuwa amma da Hausa ba inda zaka maƙale. Ka sha nono da zuma, ka ci fiya da ayaba a arha. Shingen waya da zaka gani a tuddai iyakar makiyaya ce ko gona, kuma an sha rikicin fili a yankin, don haka kar a tsallaka don hoto sai an nemi izini, kar kuma ka tsoma baki a hirar waye mai ƙasa. Ka riƙe katin ɗan ƙasa, Kamaru na kusa, shingayen jami'ai da yawa.

Kuma a wannan tafiyar ce zaka haɗa da daji in kana so, tunda Serti da zaka ratsa nan ne mashigar Gashaka Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, an kafa shi a 1991, a cikinsa Chappal Waddi yake, mita 2,419, ba dutsen da ya kaishi tsawo a ƙasar nan. Amma shi ba irin Yankari bane da zaka zauna a mota, tafiyar ƙafa ce da tsallaka rafi da kwana a tanti, akwai biri mai ganga, wato wanda Turawa ke kira chimpanzee, da dorina a kogin Kam, sai dai ganin biri mai ganga aikin kwanaki ne. Na matasa masu ƙarfi ne, ba na Hajiya da ƙananan yara ba. A saman Mambila ma akwai kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa inda masu bincike suke zama, in manyan yaranka masu son kimiyya ne wurin zai buɗe musu ido. Abinda ke ci min rai duk na bi hanyar Bali zuwa Serti shine tuna yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi shekarun baya, itacen da 'yan katako suke kira madrid, tirela bayan tirela ana fita dashi waje, tuddan da na sani da duhuwa yanzu kututture ne. Don haka in an tare ku da naman daji ko ɗan biri ko aku na sayarwa a bakin hanya, kar ka saya ko don tausayi, kana saya gobe za'a kamo wani.

Obudu kuwa yana da kyau ba ƙarya, a Kuros Riba yake, tsayinsa ya kusa na Mambila, wani Bature ɗan Sikotlan ya fara kiwon shanu acan a 1951, hanyar hawansa kilomita 11 ce mai kwana 22, kuma a 2005 zamanin Donald Duke aka saka motar igiya mai ɗaukar mutane zuwa sama. Amma daga Kano nisansa yayi yawa wa tawagarka, kuma kafin ka ɗaura niyya saboda motar igiyar ka kira ka tabbatar tana aiki a wannan makon. Wanda ke Abuja ko Makurdi shi zan tura can.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. Dazuka irin Kamuku ta Birnin Gwari da Kainji ba wurin kai iyali bane a wannan yanayin. Yankari da Jos da hanyar Mambila ana zuwa, amma labari yana canzawa cikin mako ɗaya, don haka kwana biyu kafin ku tashi ka kira ma'aikatan wurin, kuma kaje tasha ka tambayi direbobin da suka dawo ranar, su basa ɓoye gaskiyar hanya. Tafiyar rana kawai, ka fita bayan asuba ka sauka kafin magariba, kar ka dinga saka inda kuke a Facebook ko sitatus sai kun bar wurin, kuma wani a gida ya san inda zaku kwana kowane dare. Ku yi kasaru ku haɗa sallolinku a garin da yake da jama'a maimakon tsayawa a daji.

In ka yanke shawarar Yankari da Jos, ka sa Yankari a farko kuma ka shiga kafin 24 ga Disamba ko bayan 2 ga Janairu in hutun naka zai bari, cunkoso ya ragu, ka nemi ɗaki na kusa da wurin cin abinci saboda Hajiya, kuma a zagayen farko ka zaɓi na asuba. Ka saya wa kowane yaro ɗan littafi da biro ya dinga rubuta sunan duk dabba da tsuntsun da ya gani da Hausa, ɗan rakiya zai faɗa musu, wanda bai sani ba kuma ku tambayi Hajiya, ina kyautata zaton tasan gwanki da mazo tun kafin a haife ka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya, a gaida Hajiya.